Tattalin Muhalli Daga Tsakar Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da zancen muhalli ya taso, a majalisa ne ko a taron iyayen yara, tambayoyin jama'a kusan iri ɗaya ne. Na tattara waɗanda aka fi yi mini, na amsa su gwargwadon abin da na sani da wanda na gani da idona.

Ni da ke fafutukar kuɗin cefane, ina ruwana da muhalli? Ba manyan ƙasashe ne suka ɓata duniya ba?

Kana da gaskiya ta wani gefen. Afirka gaba ɗayanta kusan kashi 4 cikin 100 kawai take fitarwa na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Mafi yawansa daga Sin da Amurka da Turai da Indiya yake fitowa, kuma nauyin rage shi yana wuyansu. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kwatar da ta toshe a ƙofar gidanka, ledar unguwarku ce a ciki. Tarin da ke hana uwargida barci, daga murhun gidanka ya samo asali. Kuma in ruwa ya shigo gari, gidan ƙasa ne ke fara zubewa, mai bene yana kallo ta taga.

Abin da ake kira kula da muhalli a yau, mu da tattali muka san shi. Kakarmu ba ta zubar da ƙanzo, tuwon dare shi ne ɗumamen safe, dusa ta awaki ce, toka da kashin dabbobi na gona ne, ƙwarya in ta tsage a ɗinke ta. Ba a taro ta koyi wannan ba. Kusan duk abin da zan faɗa a ƙasa yana rage maka kashe kuɗi kafin ma ya amfani duniya.

To daga ina zan fara?

Daga madafi. A nan ne itace da kuɗi da lafiya suke ƙonewa tare.

Na tashi ina ganin gwaggona tana tuƙa tuwo a wani ɗan ɗakin girki marar taga. Rufin ya yi baƙi ƙirin, kunkunniya na zubowa, ita kuma idonta jajur, goyo a bayanta yana shaƙar abin da take shaƙa. A lokacin babu wanda ya ɗauki hakan a matsayin cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara ne kan gaba: ciwon huhu, ciwon zuciya, ciwon ido.

Murhu mai duwatsu uku a buɗe yake ta ko'ina, shi ya sa yawancin zafin ke bin iska, tukunya ta samu ragowa. In kika zagaye shi da laka, kika bar ƙofa ɗaya ta zura itace, kuma bakin ya yi daidai da gindin tukunyarki, za ki ga bambanci tun a makon farko. Lakar gini da ɗan kashin shanu ko ƙaiƙayi sun isa, ba sai kin sayi komai ba. Akwai kuma murhunan ƙarfe masu tattalin itace da ake sayarwa, waɗanda ke ci da 'yan ƙirare.

Sauran dabaru ne ƙanana. Busasshen itace, domin ɗanye rabinsa hayaƙi ne. Murfi a kan tukunya. A jiƙa wake tun dare. A gama yanka da jajjage kafin a hura wuta. In shinkafa ko wake ya tafasa sosai, a sauke tukunyar da murfinta a naɗe ta cikin tsohon bargo, a sa a kwando. Zafin da ke ciki zai ƙarasa dahuwar. In da hali a yi girki a fili ko a ɓula taga, kuma a sauke goyo kafin a durƙusa gaban wuta.

Gawayi ba ya hayaƙi sosai. Bai fi itace ba?

A madafi ya fi, a daji kuwa ya fi ɓarna. Yadda ake ƙona shi a gargajiyance, cikin rami ko tudun ƙasa, sai an cinye kilo biyar zuwa goma na itace kafin a samu kilo ɗaya na gawayi. Kuma masu yin sa manyan itatuwa masu nauyi suke nema: kaɗanya, ƙirya, marke. Kaɗanya kan shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, ta ciyar da mata masu man kaɗe shekara da shekaru, sai a kayar da ita a yini ɗaya saboda 'yan buhuna.

Ban ga laifin matar da ta koma gawayi ba bayan gas da kananzir sun yi tashin gwauron zabo. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, komai ya hau. In kina da ikon cika silinda, gas ya fi tsabta nesa ba kusa ba, ko da na shayin safe da ɗumame ne kawai. In gawayin ne, nemi kurfoti mai laka a ciki, yana riƙe zafi. In kin gama, kashe ragowar garwashin da yashi ki adana. Kada kuma a taɓa shiga da garwashi ɗaki a rufe ƙofa lokacin hunturu. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kashe mutum cikin barci.

Wai mene ne laifin leda? Ai ta sauƙaƙa mana rayuwa.

Ta sauƙaƙa, shi ya sa ta mamaye mu. Ka sayi tumatir a leda, attaruhu a wata, a haɗa su a ta uku. Amfaninta na minti goma ne, zamanta a ƙasa kuwa ya fi tsawon ran wanda ya jefar da ita, domin ba ta ruɓewa, sai dai ta dagargaje ta shige cikin ƙasa da ruwa.

Wata rana na raka wani ɗan'uwana mahauta. Aka farke tumbin wata saniya da ta rame duk da ana ba ta abinci, sai mahaucin ya zaro wani dunƙulen abu baƙi, ya kai girman kan mutum, ya murɗe kamar igiya. Leda ce zalla. Ya jefar gefe ya ci gaba da aikinsa, ya ce mini kullum sai sun ga irin haka. Dabbar ta yi ta kiwo a bola tana haɗiye leda saboda ƙanshin abincin da ke jikinta, har cikin ya cushe. Mai ita ya yi ta sayen magani bai san abin da ke cinta ba.

A gona, ledar da ta biyo takin bola tana hana ruwa ratsa ƙasa, tana tare saiwa. A gari, ledar fiya wata da ta cefane su ne ke shaƙe magudanar ruwa. In ta riƙe ɗan ruwa kuma, sauro ya samu wurin haihuwa.

Ruwanda ta haramta ledar cefane a 2008, Kenya a 2017, kuma a can an bi dokar da gaske. Nijar ta yi tata dokar a 2014, amma har yau leda na nan a kasuwanni. Legas ta hana farar robar zuba abinci a farkon 2024. Doka ba ta aiki sai jama'a sun samu abin da za su riƙe a madadin, mu kuwa muna da shi tun tuni: kwando, jakar buhu, kwanon sha mai murfi, langa. Ka bar jaka ɗaya a jikin babur ko a rataye bakin ƙofa. In aka aiki yaro sayen koko ko waina, a ba shi kwano. Wanda ya fi damuna shi ne kwashe tuwo mai zafi a ƙulle a leda, da dafa alale a cikinta. Faifai da mara da kwano sun yi wa iyayenmu, gwangwani kuma yana yin alale mai kyau.

In na tara shara na ƙone ta fa? Ai na tsabtace wuri.

Ganye da kara ba su kamata a ƙone ba, taki ne. Leda da roba da tsohuwar taya kuwa in suka kama wuta, guba suke fitarwa mai cutar da huhu, wadda kuma ke sauka kan abinci da ƙasa. Sharar ba ta tafi ko'ina ba, ta koma ƙirjin 'ya'yanka da na maƙwabta. Haka hura wutar girki da leda, abin da ya zama ruwan dare a gidaje da yawa. 'Yan ƙirare, busasshiyar ciyawa ko totuwar masara suna kama wuta ba tare da wannan wari ba. Babbakar kai da ƙafa da taya ma haka. Ka tambayi mai ganda da me ya babbaka.

To yaya zan yi da sharar?

Raba ta uku tun daga tsakar gida. Abin da ke ruɓewa, kamar ɓawon dankali, ganye, ragowar miya, toka da kashin kaji, shi ne ya fi yawa a sharar gidajenmu. Abin da dabba za ta ci a ba ta. Sauran a haƙa rami a lungu, a riƙa zubawa ana yafa ƙasa da ɗan ruwa, a juya lokaci zuwa lokaci. Cikin wata biyu zuwa uku zai zama baƙin taki marar wari. Da tsadar buhun takin zamani a yanzu, ko ba ka noma za ka samu mai so.

Kashi na biyu na 'yan gwangwan ne: ƙarfe, gwangwani, robar lemo, fasasshen bokiti, kwali. Ka ware musu a buhu, kada sai yaro ya tona bola da hannu ya yanke. Mutanen nan da ake yi wa kallon raini su ne ke yi mana aikin da wasu ƙasashe ke kashe maƙudan kuɗi a kai. Gwangwanin lemo da suka tsinta shi ne maƙera ke narkawa ya dawo tukunya da ludayi. A Sabon Yelwa kusa da Kaduna, a 2011, har gida aka gina da robobin ruwa da aka ɗura wa yashi.

Abin da ya rage bayan wannan ɗan kaɗan ne. Shi za a kai inda hukuma ta ware.

Kowa na zuba shara a kwata in hadari ya taso, ruwa ya tafi da ita. Ina matsalar?

Ruwa ba ya tafiya da ita, yana kai ta ƙarƙashin gada ta gaba ne ya ajiye. Daga nan sai ya juyo ya shiga gidajen da ke gangare. Ba kowace ambaliya ce laifin shara ba; ta Maiduguri a watan Satumban 2024 ɓallewar madatsar Alau ce ta jawo ta, wannan kuma aikin hukuma ne. Amma ambaliyar lungu da muke gani kowace damina, wadda ke rusa katanga ta cika masai ya tumbatsa, mafi yawanta daga toshewar magudana ne da gini a kan hanyar ruwa. A Kano, kududdufan da ke cikin birni su ne ke shanye ruwan sama tun zamanin da. An cike da yawa da shara an yi filaye. Ruwan kuwa bai manta hanyarsa ba. Bayan ya janye kuma sai kwalara da zazzaɓin sauro su biyo.

Yashe kwata a watan Mayu, kafin ruwan farko, ya fi na Agusta sauƙi. A kuma kwashe abin da aka yaso, in an bar shi a bakin kwatar zai koma.

Mu da muke sayen ruwa a wajen 'yan garuwa, wane tattali kuma ya rage?

Wanda ke saye da jarka ya riga ya san darajar ruwa. Abin da nake ganin muna asara shi ne na sama. Kowace milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 50, in aka yi ruwa na milimita 20, ya zubar da lita 1,000, wato jarka 40 masu cin lita 25, a dare ɗaya. Indararo da tanki ko manyan duro sun isa. A bar ruwan farko ya wanke ƙurar rufin, a rufe mazubin saboda sauro, na sha kuma a tafasa.

Ruwan da aka yi amfani da shi sau ɗaya ma bai mutu ba. Na wanke shinkafa da ganye ya tafi gindin zogale, na ɗauraya ya tafi banɗaki. An ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, abin da bai kai lita ba, ga shi mu muna sakin famfo yana zuba har mu wanke ƙafa. Buta ta fi famfo tattali. Na ga masallacin da aka ja 'yar hanya daga wurin alwala zuwa gindin itatuwa uku. Yanzu a inuwarsu ake sallar azahar in ciki ya cika.

Kullum ana bikin dashen itace, amma ba ma ganin itatuwan. Yana da amfani kuwa?

Dasawa aikin safiya ɗaya ne, reno kuwa na rani biyu. A nan ake faɗuwa. Ana dasa ɗaruruwa a ɗauki hoto, kafin Disamba awaki sun cinye rabi, bazara ta ƙarasa sauran. Na fi son mutum ya dasa ɗaya tak ya san sunanta, da ya dasa hamsin ya juya baya. Ka haƙa rami mai zurfin kamu biyu, ka cakuɗa ƙasar da taki, ka dasa in damina ta zauna, wajen Yuli. Ka kewaye da ƙaya ko bulo tun ranar. In rani ya shigo, binne ƙaramin tulu ko robar da ka huda a gefen saiwar, ka riƙa cika ta. Ruwan zai riƙa tsatsa a hankali inda ake bukatarsa. Darbejiya tana jure fari, amma ka nisanta ta daga katanga da masai saboda saiwarta.

Ga manomi kuwa akwai hanyar da ta fi dashe sauƙi, kuma a ƙasar Hausa aka gwada ta. Farkon shekarun 1980, a yankin Maradi, wani malamin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya gaji da dashen da ke mutuwa. Sai ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara ba ciyawa ba ne, tofon kututturan itatuwa ne da saiwarsu ke raye a ƙasa. Manoma suka fara barin tofo uku zuwa biyar masu ƙarfi a kan kowane kututture, su sare sauran, su rage rassan ƙasa. Da yake saiwar ta riga ta yi zurfi, itacen kan tashi da sauri ba tare da ban ruwa ba. Suka sa wa abin suna sassabin zamani. Ya bazu daga gona zuwa gona a Maradi da Damagaram, har aka ƙiyasta ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Rinaudo ya samu babbar lambar yabo ta duniya a 2018, tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, manomin da ya farfaɗo da fako ta hanyar haƙa 'yan ramuka yana zuba taki, irin abin da ake kira tassa a yankin Tawa.

Gawo ne sarkin wannan aiki. Yana kaɗe ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi 'ya'ya. Duk manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili. Kalgo, sabara, aduwa da magarya duk suna tofowa haka. Rassan da aka rage kuma su ne itacen girki, mata sun huta da doguwar tafiya.

Gwamnatoci suna da nasu shirin na Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, kuma ya shafi jihohi 11 na arewacin Najeriya. Amma kututturen da ke gonarka ba ya jiran kasafin kuɗi.

Gidan haya nake, ɗaki ɗaya. Ina zan shuka?

A buhu. Tsohon buhun siminti ko na shinkafa, ƙasa da taki, a huda gindin. Alayyafo, yakuwa, attaruhu, albasa mai lawashi, duk suna yi. Zogale ma yana tashi a yankakken duro.

Batun wuta fa? Ai ba ma samun ta balle mu yi tattali.

Daidai lokacin da wuta ta yi ƙaranci ne tattalinta ke da riba. Ƙwan lantarki na zamani mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60, ba ya kuma ƙara wa ɗaki zafi. Ƙaramin farantin sola da zai riƙe ƙwai uku da fanka da cajin waya, in ka lissafa man da janareta ke sha a wata, za ka ga bai daɗe ba ya biya kansa. Rana kuwa Allah ya hore mana ita. In janaretan ne dole, a waje za a ajiye shi, nesa da taga. Hayaƙinsa ya sha kashe iyali guda a dare ɗaya.

Sai dai sola ta zo da nata haɗarin, wato batir. Yawancin manyan baturan mota da na sola dalma ce a ciki. Mun san abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara aƙalla 400 suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalmar batir ita ce dai wannan gubar. Kada a fasa shi a gida, kada a zubar da ruwansa a kwata, kada yara su yi wasa da shi. A mayar wa mai sayarwa a yi musaya. Ƙananan baturan tocila ma kada su shiga ramin taki.

Ba mu da firji, kayan miya na lalacewa. Akwai dabara?

Akwai, kuma malamin makaranta ne daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa ta har ya samu kyautar kamfanin agogo na Rolex a shekarar 2000. Tukunyar ƙasa ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke tsatsowa yana bushewa yana janye zafin ciki, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Tumatir da yalo da ke laushi cikin kwana uku sai su kai makonni. Ta fi aiki da rani da hunturu. Da damina iska na da laima, sanyin kan ragu.

Ga kuma shanya. In tumatir ya faɗi a kaka, a yanka a yi kauɗa, haka kuɓewa da tattasai, a kan tabarma mai tsabta ba a gefen kwalta ba. Inda abinci ya fi salwanta kuwa shi ne wajen biki da suna: a dafa na mutum ɗari uku, a wayi gari ana kwasar shinkafa mai tsami zuwa bola, alhali ga almajirai a ƙofar gida tun daren. A raba tun yana da zafi.

Ni kaɗai nake yi a layinmu. Maƙwabta ba su damu ba. Ba wahalar banza nake ba?

Abin da ya shafi madafinka da ruwanka da itacenka, ribarsa taka ce ko kowa bai yi ba. Kwata da bola kuwa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada ka fara da wa'azi ko gori, mutane ba sa son a nuna musu ƙazantarsu. Ka je wajen mai unguwa da liman, ka nemi a sa ranar aikin gayya kafin damina, a yi sanarwa bayan sallar asuba. Ka zo da shebur biyu da baro na aro. Matasa huɗu ko biyar sun isa ranar farko, a sayo musu ƙosai da koko. A layinmu haka aka fara. A shekara ta biyu matan layin ne suka haɗa kuɗin hayar motar da ta kwashe abin da aka yaso, wani dattijo kuma ya ba da tsohon duro aka ajiye a bakin layi don ledar fiya wata.